Madubin da ke ƙarƙashin na'urar awon jini: tambayoyi da amsoshi

Mene ne amfanin ɗan madubin nan da ke can ƙasan na'urar?

Na'urar da ake duba ƙananan halittu da ita, wadda wasu ke kira madubin likita, ba ta nuna komai sai haske ya ratsa abin da ake dubawa daga ƙasa. Tsofaffin samfurorinta ba su da fitila, saboda haka aka sa musu madubi mai faɗin kamar santimita 5, wanda ake karkata shi har ya kamo hasken taga ko na fitila, ya tura shi sama ta cikin gilashin da aka shafa jini a kansa. Dabarar ta daɗe, domin tun farkon ƙarni na 18 maƙeran irin waɗannan na'urori a Ingila, irin su Edmund Culpeper, suke sa shi.

Me ya sa yake da fuska biyu?

Nan ne ɗalibai suka fi yin kuskure. Fuska ɗaya shimfiɗaɗɗiya ce, ɗayar kuma tana da kwarmi kamar cikin cokali. Mai kwarmin tana tattara haske wuri guda da kanta, don haka ita ake juyowa idan na'urar ba ta da gilashin tara haske a ƙarƙashin farantin da ake ɗora abin dubawa a kansa. Idan kuwa akwai wannan gilashi, to shimfiɗaɗɗiyar ce ta dace, domin aikin tattarawa nasa ne, kuma idan aka haɗa masu tarawa biyu sai hasken ya taru inda bai kamata ba. Mai neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wanda yake ɗiga mai a kan gilashi yana ƙara girman jini har sau 1000, shi ya fi sanin muhimmancin wannan, tun da ƙwayar da ya kamata ta fito da ɗigon ja da ɗan zobe shuɗi tana iya ɓace masa a cikin dishi-dishi.

Ga rana a wadace a Damagaram, a fuskantar da shi gare ta kai tsaye?

A'a, ko kusa. Gilasan na'urar suna tara zafin rana a cikin ido, kuma suna iya ƙona shi ƙunar da ba ta warkewa. Abin da ake so shi ne a zauna kusa da tagar da rana ba ta shigowa, a kamo hasken farin gajimare ko na farin bango. Wannan gargaɗi ya kamata malamin lakwal ya fara yi kafin yaro ya kai idonsa.

Tun da an sami masu fitila, ba a wuce zamaninsa ba?

A ganina ba a wuce ba. Fitila ta fi shi daidaiton haske, wannan gaskiya ne, amma ranar da kuran ya ɗauke, ko a ƙauyen da wuta ba ta kai ba, mai madubi zai ja teburinsa zuwa taga ya ci gaba da aiki.

Yaya ake kula da shi a lokacin hunturu?

Ƙurar da ke kwanciya a kansa tana ɗauke da rairayi, kuma goge ta a bushe da gefen riga yana karce gilashin. A fara hure ta tukuna, sannan a shafe da tsumma mai laushi, a kuma rufe na'urar da zarar an tashi daga aiki.