Waiwaye: yadda jadawalin miƙa mulki ya zama abin ciniki a kan takunkumi

Tun bayan da ƙungiyar ECOWAS ta janye takunkumin da ta ƙaƙaba wa Nijar, a ranar 24 ga Fabrairun 2024, ake ta muhawara a kan ko takunkumin tattalin arziki yana da sauran tasiri a kan gwamnatocin soja, ko kuwa an riga an gano lagonsa. Da yawa na magana kamar jiya abin ya fara, alhali kamun ƙafa da neman wanke suna a idon duniya sun daɗe suna biye da takunkumi duk inda ya je.

Tun 1938 Amurka take da dokar da ta wajabta wa mai yi wa gwamnatin waje kamun ƙafa ya yi rajista. A zamanin yaƙin cacar baka kuwa, sojan da ya karɓi mulki ba ya buƙatar dogon bayani, ya isa ya nuna ko Gabas yake ko Yamma. Da aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a Nuwamban 1995, Tarayyar Turai ta hana sayar mata da makamai, ta kuma hana manyan jami'ai biza, amma ba a taɓa man fetur ba har aka dawo da ita a 1999.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne taron shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka yi a Lome, babban birnin Togo, a Yulin 2000. A nan ne aka rubuta ƙa'ida a kan sauya gwamnati ba bisa tsarin mulki ba, aka lissafa hanyoyi huɗu: juyin mulkin soja, shigowar sojojin haya, ƙwacen mulki daga 'yan tawaye, da kuma ƙin sauka bayan an sha kaye a zaɓe. Sanarwar ta ba wa waɗanda suka karɓi mulki wa'adin wata shida su maido da tsarin mulki, a dakatar da ƙasar daga zaman ƙungiyar a tsawon lokacin, idan wa'adin ya cika ba su yi ba sai a bi su da takunkumi mai iyaka, kamar hana biza da taƙaita ciniki.

Niyyar mai kyau ce, domin kafin nan ƙa'idar kada a tsoma baki a harkokin cikin gida ce ke rufe bakin kowa. Sai dai tun daga lokacin ma'aunin ya koma alkawari da kwanan wata, kuma alkawari ba shi da tsada. Wakilin da gwamnatin soja ta tura waje ba ya ɓata lokaci wajen kare juyin mulkin. Takarda yake buɗewa a kan tebur, ga watan babban taron ƙasa, ga watan ƙuri'ar raba gardama, ga ranar zaɓe a can ƙasa. A gida kuma an naɗa farar hula firaminista, an sa wa gwamnatin suna ta riƙon ƙwarya, shugaban ya ajiye kaki idan zai karɓi baƙi. Daga nan tattaunawa ta tashi daga batun halaccin mulki ta koma ta watanni, wannan ya ce talatin da shida, wancan ya ce goma sha takwas, kamar masu taya kaya.

A Mali an ga haka ƙarara. ECOWAS ta rufe mata iyakoki a ranar 9 ga Janairun 2022 saboda tsawon wa'adin da aka gabatar, aka buɗe a ranar 3 ga Yuli bayan an fitar da jadawalin wata 24, kuma zaɓen da aka tsara yi a Fabrairun 2024 bai gudana ba. A Nijar ko jadawalin ba a daidaita a kansa ba. Wahalar talakawa, da katsewar lantarki, da kai-komon malamai da sarakuna ne suka yi nauyi, kuma an janye takunkumin ne bisa dalilan jinƙai, ƙasa da wata guda bayan Mali da Burkina Faso da Nijar sun sanar da ficewarsu daga ECOWAS.