Gasar kamun kifin tirawut da gansakukar didimo a Niyuzilan

Gasar kamun tirawut wasan fatsa ne da ake yi a koguna da tafkuna masu sanyi, inda ake auna gwanintar mutum da yawan kifin da ya kama da kuma tsawonsa cikin ƙayyadadden lokaci. A ƙasar Niyuzilan, tun daga shekarar 2004, wasan ya ƙara samun wani sharaɗi da babu shi a da: wanke kaya kafin a tashi daga wannan ruwa zuwa wancan. Abin da ya jawo haka wata gansakuka ce da ake kira didimo, wadda ta bi jiƙaƙƙun kayan mutane ta mamaye kogunan Tsibirin Kudu, ɗaya daga cikin manyan tsibirai biyu na ƙasar.

Kifin

Shi kansa tirawut baƙo ne a Niyuzilan. An kawo ƙwan nau'in mai ruwan ƙasa daga tsibirin Tasmaniya na Ostareliya a 1867, na mai launin bakan gizo kuma daga Kalifoniya ta Amurka a 1883. Ruwan ƙasar ya karɓe su, suka yi girman da ke janyo masu fatsa daga ƙasashe masu nisa. Doka ta hana sayar da tirawut a kasuwa, sai mai lasisi ne zai kama, ya ci ko ya saki. Hukumar Fish and Game ce ke kula da yawancin ruwayen, ban da yankin tafkin Taupo da ke hannun ma'aikatar kare muhalli.

Masana halittun ruwa sun daɗe suna nuna cewa tirawut ya cinye ko ya kore ƙananan kifayen asali na dangin galaksiyas daga rafuka da yawa. Ke nan baƙon da ya riga zuwa ake karewa daga baƙin da suka biyo baya. Masu fatsa ba su cika son a ɗago wannan magana ba, amma tana nan.

Inda gasa ke da haɗari

A gasar duniya, wadda ƙungiyar FIPS-Mouche ke shiryawa, ba a sa wa ƙugiya abinci na gaske. Ƙwaron ƙarya ake ɗaurawa da zare da gashin tsuntsu, ƙugiyar kuma ba ta da ƙayar da ke riƙe bakin kifi. Alƙali yana tsaye a gaɓa, ya auna kifin, ya rubuta, a mayar da shi ruwa da ransa. Ana raba gasar zango-zango, kuma kowane ɗan wasa sai ya zagaya duk wuraren da aka ware, yau kogi, gobe tafki. A watan Maris na 2008 an yi gasar duniya a yankin Rotorua na Tsibirin Arewa, ƙasar Cek ta zo ta ɗaya.

Wannan zagaye shi ne adalcin wasan, shi ne kuma kafar da cuta ke bi. Mai fatsar nishaɗi kan koma gida kayansa su bushe kafin ya sake fita. Ɗan gasa kuwa da safe yana wani ruwa, da yamma yana wani, takalminsa da komarsa da zarensa duk a jiƙe. Ga shi mutane ne da yawa, daga wurare dabam-dabam, a lokaci guda. Shi ya sa masu shirya gasa a ƙasar kan kafa wurin wanke kaya, kuma duk wanda ya sauka a filin jirgin sama da kayan fatsa dole ya bayyana su ga jami'ai su duba.

Didimo

Sunanta na kimiyya Didymosphenia geminata. Halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, ido ba ya ganin ta sai da madubin ƙara girma, kuma asalinta ruwayen sanyi na arewacin duniya ne. Abin da ake gani a kogi ba ƙwayoyin ba ne, zarurrukan da suke fitarwa ne don su manne wa dutse. Idan suka yi yawa sai su lulluɓe ƙasan kogi da shimfiɗa mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, wadda a hannu take kamar jiƙaƙƙiyar auduga.

An fara ganin ta a watan Oktoba na 2004 a kogin Waiau, can kudancin Tsibirin Kudu. Cikin 'yan shekaru ta kai Mararoa da Clutha da Waitaki da Buller, har ta shiga koguna sama da 150. Tana canza irin ƙwarin da ke rayuwa a ƙasan ruwa: manyan da tirawut ya fi ci su ragu, ƙanana da tsutsotsi su ƙaru. Tana naɗe ƙugiya, tana toshe bakin bututun ban ruwa. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya kai ta sabon kogi, kuma idan ta zauna babu hanyar da aka sani ta kawar da ita.

Matakan da aka ɗauka

A 2005 gwamnati ta ayyana Tsibirin Kudu baki ɗaya a matsayin yankin da aka sa wa takunkumi. A ƙarƙashin dokar kare ƙasa daga baƙin halittu ta 1993, wanda ya yaɗa irin wannan halitta da gangan zai iya fuskantar ɗaurin shekara 5 ko tarar dalar Niyuzilan 100,000.

Saƙon da aka yi ta nanata wa jama'a kalma uku ne: duba, wanke, busar. A cire duk abin da ya maƙale a bar shi nan bakin ruwan. A jiƙa kayan na minti ɗaya a ruwan da aka zuba wa bilic kashi 2 cikin 100, ko ruwan zafi da ya haura digiri 60, ko a sa su a firiza su daskare. In ba za a wanke ba, a bar su su bushe ƙarau, sannan a ƙara awa 48.

Takalmi ne ya fi ba da wahala. Masu shiga ruwa sun fi son tafin matsattsen ulu domin ba ya santsi a kan dutse, sai dai yana riƙe laima tsawon makonni, maganin wanki kuma ba ya ratsa cikinsa. Daga 1 ga Oktoba 2008 aka haramta shi ga masu kamun kifin ruwan daɗi. Jihohin Amurka irin su Maryland da Alaska sun bi sahu. Vermont ta haramta a 2011, ta janye a 2016, bayan bincike ya nuna cewa didimo 'yar gida ce a can, kuma ƙarancin sinadarin fosfaras a ruwa ne ke sa ta bunƙasa.

Wannan bincike ya taɓa Niyuzilan ma. Har yanzu didimo ba ta kafu a Tsibirin Arewa ba, kuma wasu masana na ganin kogunan can, da ke ratsa ƙasar aman wuta mai yawan fosfaras, ba su dace da ita ba ne kawai. Zai yi wuya a raba wane kaso na nasarar na wanki ne, wane na ƙasa.

Bayan didimo

Dokar wankin ta samu wasu abokan gaba. An gano wani baƙon dangin tarwaɗa a tafkin Rotoiti na Tsibirin Arewa a 2016. A watan Mayu na 2023 kuma aka ga Corbicula fluminea, ƙaramar halitta mai ɓawo biyu daga Asiya, a kogin Waikato kusa da tafkin Karapiro. Guda ɗaya kan haifi 'ya'ya har 400 a rana, ƙanana ƙwarai, masu manne wa jiragen ruwa da igiyoyi. Saboda ita, bisa roƙon al'ummar Ngāti Tarāwhai ta Māori, 'yan asalin ƙasar, aka rufe tafkin Okataina daga 1 ga Oktoba 2023, ranar da ake buɗe kakar kamun tirawut. An sake buɗe shi a watan Nuwamba, da sharaɗin kowane jirgi ya bi ta wurin wanki da aka keɓe kafin ya taɓa ruwan.