Ɓangaren Gaba na Laka

Laka ita ce igiyar jijiyoyi da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta cikin ƙashin baya, tsawonta kimanin santimita 45 a baligi. Ɓangarenta na gaba, wato wanda ke fuskantar ƙirji da ciki, shi ne ya fi shafar motsin jiki.

Ƙira

A tsakiyar fuskar gaba akwai tsaga mai zurfin kimanin milimita 3 da ta bi laka daga sama har ƙasa. Dama da hagu da ita akwai nama mai launin toka da ake kira ƙahon gaba, inda manyan ƙwayoyin da ke ba tsoka umarni suke. Zarurrukansu ne ke fita a matsayin saiwoyin gaba. Ƙahon ya fi kauri a wuya da ƙugu, saboda daga nan jijiyoyin hannuwa da ƙafafu suke fita. Jijiyar jini guda ɗaya da ke bin tsagar ce ke ciyar da kusan kashi biyu cikin uku na laka.

Tarihin bincike

A 1811 likitan Sikotland Charles Bell ya lura cewa taɓa saiwoyin gaba yana sa tsoka motsi, amma sai a 1822 François Magendie na Faransa ya nuna a fili, ta gwaji a kan 'yan kwikwiyo, cewa saiwoyin gaba na motsi ne, na baya kuwa na ji. An daɗe ana jayayya kan wanda ya riga. Yau ana jingina ƙa'idar ga sunayensu duka biyu. Wajen 1870 Jean-Martin Charcot da abokan aikinsa a Paris suka danganta shan inna da lalacewar ƙwayoyin ƙahon gaba, abin da ya bayyana dalilin da ya sa ƙafar yaro kan shanye ta ƙanƙance alhali yana jin taɓi. Daga baya, a farkon shekarun 1950, Bror Rexed na Siwidin ya kasa naman mai launin toka gida goma, ƙwayoyin motsi suna a na tara.

Rauni

Idan jijiyar jinin gaba ta toshe ko karaya ta danne ta, motsi da jin zafi da sanyi sukan ɓace daga wurin zuwa ƙasa, amma mutum yakan ci gaba da sanin inda gaɓoɓinsa suke. A Legas, Asibitin Ƙashi na Igbobi yana cikin wuraren da ake kai masu raunin laka, ciki har da 'yan acaba.