Samun 'Yancin Kan Gini Ikwatoriya

Gini Ikwatoriya ƙaramar ƙasa ce a bakin tekun Atilantika, tsakanin Kamaru da Gabon, wadda Sifaniya ta yi wa mulkin mallaka. Manyan sassanta biyu ne, tsibirin Fernando Po da yanzu ake ce wa Bioko, sai yankin Rio Muni da ke kan tudu. Fotugal ce ta miƙa wa Sifaniya tsibirin a 1778.

Hanyar 'yanci

Cikin 'yan gwagwarmaya na farko akwai Acacio Mañé, an kama shi wajen 1958 ko 1959, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A 1959 gwamnatin Janar Franco, shugaban Sifaniya na lokacin, ta mai da ƙasar larduna na Sifaniya wai don a daina kiranta mallaka, amma Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta daina matsa lamba ba, sai aka ba ta ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai a 1964 ƙarƙashin Bonifacio Ondó Edú. An yi taron tsarin mulki a Madrid a 1967 da 1968, inda wasu shugabannin ƙabilar Bubi na tsibirin suka nemi a ware su, tunda 'yan ƙabilar Fang na Rio Muni sun fi su yawa nesa ba kusa ba, amma ba a biya musu bukata ba. A zaɓen Satumba 1968 Francisco Macías Nguema ya kayar da Ondó Edú a zagaye na biyu, aka samu 'yanci ranar 12 ga Oktoba.

Mulkin Macías

Murna ba ta daɗe ba. A Maris 1969 aka zargi ministan harkokin waje Atanasio Ndongo da yunƙurin juyin mulki, ya mutu a hannun hukuma, har yau ana saɓani kan yadda abin ya faru. Ondó Edú ma a tsare ya mutu. Galibin Sifaniyawa suka kwashe nasu ya nasu suka bar ƙasar. A 1970 aka koma jam'iyya ɗaya, a 1972 Macías ya naɗa kansa shugaba har mutuwa, malamai da 'yan boko suka sha kisa da ɗauri, dubbai suka tsere Kamaru da Gabon. Leburorin Najeriya da ke riƙe da gonakin koko a tsibirin su ma sun sha wuya, sai da Najeriya ta kwaso su a 1975 zuwa 1976, noman koko ya durƙushe.

Ranar 3 ga Agusta 1979 Teodoro Obiang, ɗan'uwan Macías, ya hamɓarar da shi, aka yi wa Macías shari'a aka harbe shi ranar 29 ga Satumba.