Waiwaye: Yadda Dokar Iyali Ta Tashi Daga Zaure Ta Shiga Jami'a

A da, wanda zai yi hukunci kan aure da saki da gado a ƙasar Hausa, a zaure yake koyo. Ya durƙusa gaban malami ya sauke littafin fiƙihu na Risala, ya shiga Muhtasar, in kuma alƙalanci ya nufa sai ya riƙe Tuhfa, littafin hukunce-hukuncen alƙalai. Da Turawa suka ci Arewa a 1903 sun hana haddin yanke hannu, amma sha'anin iyali suka bar wa alƙalai bisa mazhabar Malikiyya.

A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan. Ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A nan fiƙihu ya zauna a benci, da allon bango da jarrabawa.

Babban sauyi ya zo a 1960. Sabon kundin hukunta laifuka ya karɓe shari'ar laifi, aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, aka taƙaita ta ga aure, saki, riƙon yara, wasiyya da gado. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, harabar Kongo a Zariya ta zama gidan karatun lauya, daga baya irin su Jami'ar Bayero ta Kano suka biyo da digirin da ya haɗa dokar Turawa da shari'ar Musulunci.

To, ɗalibin yau tukwane uku yake ɗorawa a murhu ɗaya. Da safe a karantar da shi hukuncin wata kotun Ingila na 1866, wanda ya ce aure namiji ɗaya ne da mace ɗaya, sannan dokar Najeriya ta 1970 da ke raba auren rajista idan ya lalace ba gyara. Da yamma ya koma idda, hul'i, ciyarwa da renon 'ya'ya bayan rabuwa. Ga kuma dokar al'ada, wadda kowace ƙabila da tata.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, auren da mafi yawanmu muke ɗaurawa shi ne ba shi da kundi mai sashe-sashe. Mace ta zo kotu da goyo tana neman kuɗin ciyarwa, alƙali ya buɗe Tuhfa, lauyanta kuwa in ba shi da Larabci sai ya dogara da fassara da 'yar takardar lacca. Matar ce ke kwana a ciki.

Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta rubuta nata kundin tun ƙarshen shekarun 1950, ta sabunta shi a 2004. A Kano, Sarki Muhammadu Sanusi II ya taso da maganar daftarin dokar iyali a 2017, amma ce-ce-ku-ce kan hana marar hali ƙara aure ya danne sauran abin da daftarin ya ƙunsa.