Ramukan Wata da tarihin duwatsun da suka faɗa masa

Ramukan Wata su ne kwaruruwan nan masu da'ira da suka cika fuskar Wata, kusan dukkansu duwatsun sararin samaniya ne suka haƙa su, waɗanda ke faɗowa da gudun wajen kilomita 20 a daƙiƙa. To da yake can ba iska ba ruwan sama, ramin da aka yi shekara biliyan 3 da suka wuce yana nan abinsa, sai dai in wani dutsen ya zo ya faɗa kansa.

Yawanci rami ya ninka dutsen da ya yi shi sau 10 zuwa 20 a faɗi. Waɗanda ba su kai kilomita 15 ba kamar kwano suke, manyan kuma suna da tudu a tsakiya, irin su Tycho mai kilomita 85 da aka yi wajen shekara miliyan 108 baya. In faɗin rami ya haura kilomita 300 ai ya zama makeken kwari, kamar Imbrium mai shekara biliyan 3.9, da kwarin Aitken na kudancin bayan Wata mai kilomita 2,500.

Amma gaskiya ƙirgen ramukan ne ya fi muhimmanci wajen gane shekarun fuskar Wata. Ƙananan duwatsu sun fi manya yawa nesa ba kusa ba, don haka masana irin su William Hartmann da Gerhard Neukum suka riƙa ɗaukar fili ɗaya su ƙirga ramukansa aji aji gwargwadon faɗi, filin da ya fi tara ramuka musamman manya shi ya fi daɗewa, shi ya sa aka gane tsaunuka masu haske sun girmi baƙaƙen filayen da narkakken dutse ya malale. Ƙirge kaɗai dai ba ya faɗin shekaru, sai da 'yan sama jannatin shirin Apollo na Amurka suka kwaso kilo 382 na duwatsu tsakanin 1969 da 1972 aka auna shekarunsu aka haɗa da ƙirgen inda aka ɗebo su. Nan aka ga kafin shekara biliyan 3.8 da suka wuce ruwan duwatsun ya ninka na yanzu sosai, daga baya ya lafa. A 2020 kumbon Chang'e 5 na ƙasar Sin ya kawo dutse mai shekara biliyan 2, ya cike wani babban giɓi a lissafin.

Matsala ɗaya ita ce ɓaraguzan da babban rami ya watsar su ma suna haƙa nasu ƙananan ramukan, in mai ƙirge bai ware su ba sai fili ya fito da tsufan da ba nasa ba.