Mulhidi zai iya zama mai addini?

A kunnen Bahaushe, "wane ba shi da addini" da "wane bai yarda akwai Allah ba" magana ɗaya ce. Ba abin mamaki ba ne. Musulmi da Kirista duk daga Ubangiji suke farawa, har Bamagujen da ke yi wa iskoki yanka ya san Allah ne ya halicci sama da ƙasa. Amma ɗalibin da ya tafi karatu Indiya zai iya zama aji ɗaya da wanda ke azumi, yana zuwa ɗakin ibada, yana ƙyamar ƙarya da zalunci, in ka tambaye shi wa ya halicci duniya kuma ya ce maka babu wanda ya halicce ta. To wannan me za a kira shi?

Kalmar mulhidi daga Larabci ta zo, asalinta karkacewa daga hanya. A yau ana nufin wanda ya musanta samuwar Ubangiji da ita. Ba shi ne mushiriki ba, domin mushiriki ya yarda da Allah, haɗa Shi ya yi da wani. Ba kuma shi ne mai kokwanto ba, wanda ke cewa shi dai bai sani ba. Malaman da suna kiran irin waɗannan mutane Dahriyya, daga aya ta 24 ta Suratul Jasiya, inda wasu ke cewa babu abin da ke halaka su sai zamani. Ita ma kalmar addini ta fi yadda muke ɗaukarta faɗi. A Suratu Yusuf, aya ta 76, dokar sarkin Masar ma "dini" aka kira ta. Ke nan tun asali kalmar ta ƙunshi hanya da doka da abin da mutum ya miƙa wuya gare shi.

Inda maganar ta fi fitowa fili shi ne addinin Jain na Indiya, wanda ƙidayar 2011 ta nuna mabiyansa sun kai kusan miliyan huɗu da rabi. Su dai a wurinsu duniya ba ta da farko, ba ta da ƙarshe, ba wanda ya yi ta, ba mai juya ta. Suna girmama manyan malamai 24 da suke kira Tirtankara, na ƙarshensu Mahabira, wanda ya yi zamani da Buda, malamin da ya kafa addinin Buda. Duk da haka ka ga yadda suke riƙe da addinin. Wasu daga cikin masu gudun duniyarsu suna ɗaure ƙyalle a baki, suna tafe suna share gabansu da tsintsiya mai laushi don kada su taka ko da kiyashi. Masu tsananin riƙo ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana, ba sa cin albasa, tafarnuwa ko dankali, saboda tono su yana kashe ƙananan halittu. Mutum zai tsaya gaban gunkin Mahabira ya zuba shinkafa, alhali koyarwarsu ta ce wanda ya kuɓuta daga duniya ba ya amsa roƙon kowa. Yana tsayawar ne don ya tuna abin da yake son zama. Ni dai ban ga yadda za a kalli mai wannan hali a ce ba shi da addini ba. Za a iya cewa addininsa ba daidai ba ne, wannan kuma wata magana ce daban.

Na Buda ya fi sarƙaƙiya. An ruwaito cewa wani almajirinsa ya matsa masa da tambaya ko duniya dawwamammiya ce ko a'a. Sai ya ba shi misalin wanda aka harba da kibiya mai dafi, ya ce ba za a cire masa ba sai ya san sunan maharbin da garinsu da irin itacen bakan. Kafin ya gama tambayoyin rai ya yi halinsa. Littattafansu sun ambaci alloli da yawa, amma su ma mutuwa suke yi a sake haifarsu, ba su halicci kowa ba. Wannan rashin Mahalicci ya taɓa zama matsala a Indunusiya, inda ginshiƙin farko na aƙidar ƙasa, Pancasila, shi ne imani da Ubangiji ɗaya. Bayan rikicin 1965, lokacin da ake ɗaukar mulhidi a matsayin ɗan kwaminis, wani babban malamin mabiya Buda na ƙasar, Ashin Jinarakkhita, ya fito da sunan Sang Hyang Adi Buddha daga tsofaffin rubuce-rubucen tsibirin Jaba na Indunusiya, ya ce ga Ubangijinsu. Wasu mabiya Buda ba su yarda da shi ba. A cikin addinin Hindu ma akwai tsofaffin mazhabobi irin su Mimamsa da suka riƙe Beda, wato littattafan Hindu masu tsarki, da hadaya, ba tare da sun ga buƙatar Mahalicci ba.

A Amurka kotu ce ta taɓo zancen. A 1961 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar Roy Torcaso, wanda jihar Maryland ta hana muƙamin mai shaida takardu saboda ya ƙi furta cewa ya yi imani da Allah. Ta ba shi gaskiya, ta kuma ambaci addinin Buda da na Tao cikin addinan da ba sa koyar da wannan imani. Bayan shekara biyu, a 1963, wani malamin Yahudawa, Sherwin Wine, ya kafa majami'a kusa da Detroit, wadda daga baya ta cire sunan Ubangiji daga addu'o'inta, tana ci gaba da raya Asabar da bukukuwan Yahudawa.

Sai dai akwai inda masu cewa "mulhidi zai iya shiga addinin Buda ko Jain" ke yin gaggawa, kuma nan ne gizo ke saƙar. Mulhidi iri biyu ne. Akwai wanda Mahalicci kawai ya musanta. Akwai kuma wanda ya musanta gaibu baki ɗaya, ya ce babu rai bayan mutuwa, babu sakamako, babu komai sai abin da ido ya gani ko ma'auni ya auna. Na farko zai zauna daram cikin Jain. Na biyu kuwa da ƙyar, domin Jain sun yarda da rai madawwami, da karma, wato aikin mutum da ke bin sa, da sake haihuwa, da gidajen azaba da na ni'ima. Rashin Mahalicci bai sa addinin ya zama fanko ba. Yawancin waɗanda ke kiran kansu mulhidai a intanet yau irin na biyu ne, shi ya sa in sun shiga addinin Buda sukan ɗauki zaman natsuwa da tarbiyya su ajiye sake haihuwa, su kuma malaman gargajiya na Siri Lanka da Tailan su ce ai an zare kashin bayan abin.

A Musulunci da Kiristanci ƙofar a rufe take, tunda kalmar shahada da aƙidar coci duk da Allah suka fara. Wanda ya musanta Shi zai iya ci gaba da cin tuwon salla ko zuwa bikin Kirsimeti, amma wannan al'ada ce, shi ma ya sani.

Wanda ya fi ba ni abin tunani shi ne B. R. Ambedkar, jagoran kwamitin da ya tsara kundin tsarin mulkin Indiya, wanda aka haifa cikin mutanen da ake ƙyamar ko taɓa su. Ranar 14 ga Oktoba, 1956, a Nagpur, ya shiga addinin Buda tare da dubban ɗaruruwan jama'arsa. Ya ɗora musu alkawura 22, na farkonsu shi ne ba za su ƙara yin imani da allolin Hindu, Brahma da Bishnu da Mahesh ba, ba kuma za su bauta musu ba. Da ya so, da ya ce kowa ya watse ya zauna babu addini. Bai yi haka ba, domin ya ga mutanen da aka wulaƙanta ƙarni bayan ƙarni suna buƙatar jama'a da ɗabi'a da wurin taruwa da sunan da za su amsa ba tare da sunkuyar da kai ba. Bai cika wata biyu da yin haka ba ya rasu, ranar 6 ga Disamba, kuma har yau duk shekara mabiyansa na cika filin da aka yi wancan taro a Nagpur suna maimaita alkawuran.